Yadda Ake Koyon Adungure da Mirgina da Ƙaramin Jirgin Sama Mai Rimot

Wanda ya ga ƙaramin jirgi mai rimot ya yi adungure a sama ya dawo kan layinsa ba tangarɗa, yakan ɗauka saurin yatsu ne sirrin abin. Alhali a yawancin wasannin da ke burge 'yan kallo, motsin da yatsa ke yi ɗan kaɗan ne. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne yadda jirgin ya shiga wasan: fukafukai a daidaice, gudu ya isa, tsayi ya wadata. In shiga ta yi kyau, jirgi da kansa zai yi maka rabin aikin. In kuwa ya shiga a karkace, duk gyaran da za ka yi a tsakiyar hanya ƙara ɓata shi zai yi.

Wannan bayani na wanda ya riga ya iya tashi ne, ya iya kewaya fili ta hagu da ta dama, ya kuma iya sauka ba tare da an karɓe masa rimot ba. Ga gwajin da za ka yi wa kanka: idan jirgi ya fuskanto ka, fiffike ɗaya ya faɗi, kana ɗaga shi ba tare da ka tsaya tunani ba? In har yanzu kana lissafin ina ne hagu ina ne dama, ka ƙara haƙuri. A tsakiyar mirgina babu lokacin lissafi.

Jirgin da ya dace

Jirgin koyo mai fiffike a sama, wanda ƙasan fiffikensa yake a shafe kuma bakunansa biyu suka ɗan ɗaga, an ƙera shi ne don ya riƙa miƙe kansa. Wannan halin da ya cece ka lokacin koyo shi zai dame ka yanzu. Zai yi adungure lafiya lau, amma mirginarsa za ta fito a kasalance, in ka kwantar da shi rigingine kuma zai ta ƙoƙarin birkicewa ya koma daidai. Ka fara adungure da shi, ba laifi. Daga nan sai ka nemi jirgi mai fiffike a tsakiya ko a ƙasa, wanda saman fiffiken da ƙasansa suke da lanƙwasa iri ɗaya ko kusan haka. Irin wannan duk inda ka ajiye shi nan yake zama. Faɗin fiffike mita 1.2 zuwa 1.5 ya fi min, domin ana ganinsa daga nesa kuma iska ba ta wasa da shi sosai. Kwaikwayon jiragen Extra 300, Edge 540 da Yak 54 suna da jan ido, sai dai fallayensu masu motsi na fiffike da jela manya ne ƙwarai, in ba ka rage musu motsi ba za su fi ƙarfin yatsunka. Ta fuskar ƙarfi, in na lantarki ne, kimanin wat 220 a kowane kilo na nauyin jirgi ya isa wasanni na yau da kullum.

Dole jirgin ya zama mai tasha huɗu. Akwai totur, mai ƙara wa farfela wuta. Akwai eleron, fallayen da ke bayan fukafukai, su ke mirgina jirgi. Akwai elebeta a kwance a jela, ita ke ɗaga hanci ko ta sauke shi. Sai roda, falle na tsaye a jela, mai karkatar da hanci hagu ko dama. Zan yi bayani bisa tsarin da ake kira Mode 2, inda sandar dama ke riƙe da eleron da elebeta, ta hagu kuma totur da roda. In na ce ja, ina nufin ka jawo sandar elebeta wajen ƙirjinka. In na ce tura, ka tura ta gaba.

Aikin ƙasa

Fara da ma'aunin nauyi. Takardar da ta zo da jirgin za ta nuna wurin da ya kamata ya daidaita, galibi tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin ɗari na faɗin fiffike in an auna daga bakinsa na gaba. Sa batir a wurinsa, ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu daidai wannan alama. Ya zauna a kwance ko hanci ya ɗan sunkuya. Jirgi mai nauyin hanci yana da taurin kai amma yana dawowa gida. Mai nauyin jela kuwa ɗan jan elebeta kaɗan zai sa ya zabura, kuma in ya shiga juyi mai yiwuwa ya ƙi fita. Ka kuma ɗaga shi ta ƙarshen hanci da ƙarshen jela ka ga ko wani fiffike yana rinjaya. In yana yi, liƙa ɗan nauyi a bakin ɗayan. Mutane da yawa suna tsallake wannan, sai su yi ta mamakin me ya sa adungurensu kullum yake gocewa gefe guda.

Sai motsin fallaye. Saita rimot da mataki biyu, ƙarami da babba, ka bi adadin da takarda ta bayar, ka kuma yi koyo a ƙaramin. Ƙara ekspo kamar kashi 25 zuwa 30, wato saitin da ke tausasa tsakiyar sanda ta yadda ɗan rawar yatsa ba zai kai ga jirgi ba. Ka lura, wasu rimot lamba mai alamar ragi ce ke tausasawa, wasu kuma akasin haka, don haka ka motsa sanda ka gani da idonka.

Wasa yana gwada ƙarfin jirgi fiye da tashi na lalama. Kama kowane falle ka girgiza shi a hankali. In yana lilo ba tare da sarbo, ƙaramin injin da ke motsa shi, ya motsa ba, akwai sako-sako da sai an gyara. Ja shi ka tabbata maƙalansa ba su kwance ba. Duba kusoshin fiffike. Batir kuwa a ɗaure shi da maɗauri, kada a dogara da abin liƙi kawai, domin a rigingine nauyinsa gaba ɗaya yana rataye ne, in ya zame baya a sama ma'aunin nauyi ya tashi aiki nan take. Duk saitin da za ka yi da batir a haɗe, cire farfela tukuna. Saita jirgin ya kashe totur da kansa in saƙon rimot ya yanke, ka kuma yi gwajin nisa kamar yadda takardar rimot ta tanada. In jirgin yana da na'urar da ke miƙe shi da kanta, kashe wannan yanayin, don ba za ta bar shi ya wuce wani karkace ba.

Kafin kowane tashi, tsaya a bayan jirgi ka kai sandar dama zuwa dama: eleron na dama ya ɗaga, na hagu ya sauka. Ka ja: elebeta ta ɗaga. Kada ka tsaya a kan cewa suna motsi, ka duba ina suka nufa.

Layi miƙaƙƙe, tsayi, da hanyar tsira

Tashi ka hau sama, ka sa totur kamar kashi biyu cikin uku, ka yi ta gyara maɓallan tirim, ƙananan maɓallan rimot masu ɗan gusar da tsakiyar kowane falle, har jirgi ya riƙa tafiya a miƙe hannunka a sake. Sannan ka zaɓi layi a gabanka, daura da titin tashi, ka yi ta bin sa kai da kawo a tsayi ɗaya da nisa ɗaya. Wannan atisaye ba shi da armashi ko kaɗan, kuma shi na fi so ka daɗe a kai. A nan za ka gane wani abu: jirgin da ke sama da kai, in fukafukansa a daidaice suke, cikinsa za ka ɗan riƙa gani. In kana ganin fukafukan biyu sun zama layi ɗaya siriri, to ya karkato wajenka ne. Sai idonka ya saba da wannan kafin ka iya shiga kowane wasa daidai.

Masu harkar suna cewa a yi koyo a tsayin kuskure uku, wato ka yi kuskure, ka yi wani wajen gyara shi, ka sake yin na uku, har yanzu ƙasa tana nesa. Ƙasashe da dama sun ƙayyade mita 120 a matsayin iyakar tsayi, sai ka bi dokar inda kake. Kada wasa ya taɓa nufar mutane ko motoci, kada kuma jirgi ya zagaya bayanka. Ka san inda rana take tun kafin ka ja sanda.

Haddace hanyar tsira tun yanzu, domin ranar da kanka zai ɗaure tana zuwa. Rage totur. Saki sandar dama. Duba jirgin, ka yi amfani da eleron ka maido shi ciki a ƙasa. Sannan ka ja a hankali. Tsarin yana da muhimmanci: wanda ya ja alhali jirgi yana rigingine, ƙasa ya nufa da shi da gudu. Manhajar kwaikwayon tuƙi a kwamfuta, irin su RealFlight ko PicaSim, nan ne amfaninta ya fi fitowa, don za ka iya rikita jirgi ka ceto shi sau ba adadi ba tare da asara ba.

Adungure

Shi ne wasan farko, kuma yana cikin waɗanda aka fara yi a manyan jirage ma. Matuƙin Rasha Pyotr Nesterov ya yi shi a Kiev a 1913, shugabanninsa suka tsare shi na 'yan kwanaki saboda ya yi kasada da kayan gwamnati.

Fuskanci iska. Daidaita fukafukai, ka tabbata sun daidaita, ka buɗe totur gaba ɗaya, ka ba shi daƙiƙa biyu ya ɗauki gudu. Yanzu ja elebeta sannu a hankali har kamar rabin sanda, ka riƙe. Ka ɗauki da'irar a matsayin fuskar agogo, ka shigo ta ƙarfe shida. A hawan farko jirgi yana da gudu, jan yana da ɗan ƙarfi. Yayin da ya doshi ƙarfe goma sha biyu gudunsa ya ragu, kuma nauyinsa ma yana jawo hancin zuwa cikin da'ira, saboda haka sassauta jan, ka bar shi ya yi shawagi ya haye saman. In ka riƙe jan yadda ka fara, saman zai tsuke, da'irar ta fito da tsini. Da hanci ya fara kallon ƙasa, rage totur zuwa kwata ko ƙasa da haka. A kwata na ƙarshe gudu ya dawo, sai ka mayar da jan a hankali, ka fita a tsayin da ka shiga, ka mayar da totur.

Haɗarin yana ƙasan da'ira. Ganin ƙasa na matsowa yakan sa ɗan koyo ya fizge sanda. Fiffike kuwa yana ɗaukar jirgi ne muddin kusurwar da yake saran iska ba ta wuce kimanin digiri 15 ba. In ta wuce, iska ta rabu da samansa, ɗauka ta yanke, jirgi ya sume. Wannan shi ake kira sitol, kuma ba sai jirgi yana tafiya a hankali yake faruwa ba. Jan da ya ninka nauyin da fiffike ke ɗauka sau huɗu yana ninka gudun da jirgi ke buƙata sau biyu. Shi ya sa za ka ga jirgi yana gudu sosai, an fizge elebeta, sai ya yi wuf ya birkice gefe guda. Maganinsa ka sassauta jan, ko da zuciyarka tana cewa ka ƙara.

In adungurenka yana murɗewa ya fita ta wata fuska daban, abu uku za ka duba. Ko ka shiga fiffike ɗaya a ƙasa, wanda shi ne ya fi yawa. Ko babban yatsanka yana jawo sanda a karkace, yana sa eleron ba ka sani ba. Ka ja sandar a ƙasa kana kallon fallaye, za ka kama kanka. Ko kuma farfela ce: a yawancin jirage, in totur yana cike gudu kuma ya ragu, hanci yana son karkata hagu, sai ka ɗan taɓa roda dama a hawan. Da ka samu hannu, ƙara girman da'irar. Ƙaramin adungure kowa zai iya, babban ne ke nuna wanda ya san totur.

Mirgina

A nan jirgi zai juya a kan tsawonsa, kamar tsinken nama a kan wuta, hanci yana kallon gaba. Matsalar ita ce yayin da fukafukai suka tsaya a tsaye ko jirgi ya kwanta rigingine, babu abin da ke riƙe hanci, sai ya faɗi. Don haka za ka ba shi rance tun farko. Shigo da gudu mai kyau, totur kashi uku cikin huɗu ko fiye. Ja kaɗan hanci ya ɗaga kamar digiri 15 zuwa 20. Saki elebeta ta koma tsakiya sarai. Sannan kai eleron gefe guda har ƙarshe, ka riƙe, kada ka yi shakka a tsakiya. Ka sake shi daf da fukafukai za su daidaita. Hanci zai fito a ɗan sunkuye, sai ka ja kaɗan.

Sakin elebeta kafin eleron shi ne gaɓar da aka fi faɗuwa. In ka bar ɗan ja a hannu, jirgi zai zana babbar murɗiya, ya fito yana kallon ƙasa. Na biyu shi ne tsoro: mutum ya ga cikin jirgi a sama sai ya saki sanda, ya bar shi rigingine. In ka fara, ƙarasa.

Bayan ka saba, rage ɗaga hancin farko, ka maye gurbinsa da ɗan turi na ƙiftawar ido daidai lokacin da jirgi ke rigingine. Tura, saki. Lokacin ne ke da wuya, in ka yi da wuri ko ka makara turin zai karkatar da jirgi daga layi. Ka koyi mirgina ta hagu da ta dama tun farko, kuma daga kowace fuska jirgi ya taho, don hannu yana saurin zaɓar gefe ɗaya ya manne masa.

Haɗa biyun

Daga rabin adungure da rabin mirgina ake gina juye-juye da dama. Juyin Immelmann, mai sunan matuƙin yaƙin Jamus Max Immelmann da ya mutu a 1916, rabin adungure ne sama, da ka kai ƙoli kana rigingine sai ka saki elebeta ka yi rabin mirgina. Ka fito sama, ka juya baya. Bar totur a cike har ka gama, don a saman gudu kaɗan ne ya rage wa eleron.

Kishiyarsa ana ce masa Split-S: rage totur, yi rabin mirgina, sannan ja rabin adungure zuwa ƙasa. Yana cin tsayi fiye da yadda ido ke zato, kuma in ka shiga da gudu ya fi ci. Fara shi daga can sama. In ka ji wata ƙara kamar zizar ƙudan zuma yayin gangara, falle ne ke kaɗawa saboda gudu ya yi yawa, kuma cikin daƙiƙa yana iya tsinkewa. Kashe totur nan take, ka sauka ka duba.

Takwas ɗin Kuba, wanda ake dangantawa da Len Povey, Ba'amurken da ya yi aiki da rundunar saman Kuba a shekarun 1930, yana zana lamba 8 a kwance. Yi adungure har ka wuce ƙoli, jirgi yana rigingine hanci yana gangarowa a digiri 45. Tsayar da shi nan da ɗan turi, ka ƙirga ɗaya, yi rabin mirgina, ka sake ƙirga ɗaya, sannan ka buɗe totur ka ja zuwa adungure na biyu, ka maimaita. Mirginonin biyu su haɗu a wuri ɗaya a gabanka. Kusan kowa yana barin gangaren ya yi kwance da yawa, don digiri 45 ya fi tsayuwa fiye da yadda ake zato.

Rigingine

Shiga ta rabin mirgina a tsayi mai kyau, totur sama da rabi, ka riƙe ɗan turi. Eleron yana aiki yadda ka saba. Elebeta ce ta juya: turi ke ɗaga hanci sama, ja kuma ƙasa yake kai shi. Daƙiƙa uku sun isa a farko, ka mirgina ka fito. Ka ƙudurta tun kafin ka shiga cewa fitarka ta mirgina ce. Daga baya ka gwada kwana a rigingine, inda za ka karkata da eleron ka ƙara turi.

Wannan wasan kuma ma'auni ne. Hau a digiri 45 da cikakken totur, ka mirgina rigingine, ka saki sanda. In hanci ya faɗo da sauri, nauyi ya yi gaba da yawa. In ya ci gaba da hawa ko ya ƙara ɗagawa, nauyi ya yi baya, a kula. Abin da ake so shi ne ya riƙa sunkuyowa a hankali. Matsar da batir milimita 5 kacal a kowane gwaji, ka sake tirim.

Juyin guduma

A nan roda ke fara aiki da gaske. Ja kwata na adungure ka miƙe tsaye sak, ka saki elebeta, ka riƙe layin da ɗan roda dama in hanci ya nemi hagu. Rage totur zuwa kamar kwata. Jirgi zai yi ta rage gudu. Daf da zai tsaya cik, kai roda har ƙarshe, ka ɗan watsa totur don iskar farfela ta bugi jela. Zai juya a kan fiffikensa, hanci ya dawo yana kallon ƙasa. Saki roda, kashe totur, ka gangaro a miƙe, ka ja a hankali. In ka sa roda da wuri zai zana faffaɗan baka. In ka makara zai faɗo ta ciki ko ta baya, wanda ba haɗari ba ne in tsayi ya isa: saki komai, bari hanci ya kalli ƙasa ya sami gudu. Fiffiken waje ya fi na ciki gudu a juyin, yakan so ya mirgina jirgi, sai ka tare da ɗan eleron na kishiyar gefe. In iska tana bugowa daga gefe, juya hanci zuwa inda take fitowa.

Kaifin wuƙa da mirgina mai tasha huɗu

Yi kwatan mirgina da gudu sosai, fukafukai su tsaya a tsaye, ka riƙe hanci da roda. Yanzu gangar jikin jirgin ce ke ɗaukarsa. Wace roda? In bayan jirgi, wato samansa, kake gani, kai sandar roda wajen da jela take. In cikinsa kake gani, kai ta wajen hanci. Yawancin jirage in an danna roda sukan ja zuwa ciki ko baya, ko su nemi mirginawa. Gyara da hannu tukuna har ka gane halin jirginka, daga baya ka sa haɗin tashoshi a rimot, wato saitin da ke sa wani falle ya motsa tare da roda, ya ɗauke maka.

Mirgina mai tasha huɗu ta haɗa duk abin da ya gabata. In dama za ka yi: kwata na farko ka tsaya da roda hagu, rigingine ka tsaya da turi, kwata na uku da roda dama, sannan ka daidaita. In ka narkar da waɗannan motsi cikin juna kana riƙe da ɗan eleron, ka samu mirgina a hankali, wadda a ganina babu wasan da ya fi ta kyau in an yi ta a miƙe daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan.

Katantanwa

Bar wannan sai hannunka ya faɗa, kuma ka yi shi daga iyakar tsayin da aka yarda. Kashe totur, ka riƙa ƙara jan elebeta don jirgi ya ci gaba da tafiya a kwance har ya sume. Da hanci ya faɗi, riƙe jan gaba ɗaya, ka kai roda ƙarshe. In bai kama ba ƙara eleron ta wannan gefen. Zai gangaro yana juyi. Zagaye biyu sun isa. Saki sandunan su koma tsakiya, totur yana ƙasa. Yawancin ƙananan jirage suna tsayawa cikin kwata ko rabin zagaye. In ya ƙi, ba shi kishiyar roda da ɗan turi. Sannan ka jira. Jirgin da ya fito daga juyi ba shi da gudu, in ka ja nan take zai sake sumewa ya koma juyi, a ƙasa-ƙasa wannan karon. Bar shi ya gangara daƙiƙa ɗaya ko biyu, ka ja a hankali kana ƙara totur.

Jera wasanni

Wasa ɗaya za ka riƙa ɗauka a kowane tashi, ka maimaita shi a wuri ɗaya, ka gyara abu ɗaya a kowane zagaye. In da wani ƙwararre a kusa, roƙe shi ya tsaya bayanka ya faɗa maka abin da yake gani, don mai riƙe da rimot bai cika ganin karkacewar kansa ba. Da ka mallaki huɗu ko biyar, jera su: adungure a tsakiya, juyin guduma a ƙarshen fili, mirgina a dawowa, rabin takwas ɗin Kuba a ɗaya ƙarshen, kowane yana farawa yana ƙarewa da ɗan layi miƙaƙƙe. Rubuta jerin a takarda kafin ka tashi. Masu gasa suna zana nasu da alamomin da matuƙin Sifen José Luis Aresti ya tsara a farkon shekarun 1960. A ajin F3A na hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, jirgi ba ya wuce mita 2 a tsawo ko faɗi, ana yin wasa kimanin mita 150 daga matuƙi, cikin digiri 60 ta kowane gefe, alƙalai suna ba da maki daga 0 zuwa 10 suna cire ɗaya a kowane digiri 15 na kaucewa. Ko ba ka da niyyar gasa, wannan ma'auni zai yi maka amfani wajen duba kanka.

Iska tana ɓata siffa ko da hannunka daidai ne. A adungure tana tura jirgi baya, sai ka sassauta jan a ɓangaren da jirgi ke fuskantarta, ka ƙara a inda yake binta. Ta gefe kuwa da roda ake tare ta.

Wasa yana shan batir fiye da tashin lalama, don haka rage agogon rimot da minti ɗaya ko biyu daga abin da ka saba. Kowane sel na batirin LiPo yana cika a bolt 4.2, auna bayan ka sauka, in kana samun 3.7 zuwa 3.8 lokacinka daidai ne, in ya yi ƙasa da haka ƙara rage agogon. Taɓa injin da batir, in yatsa ba ya iya daɗewa a kansu sun yi zafi da yawa. Sannan ka sake girgiza fallaye, ka duba tushen fiffike ko akwai tsaga ko tattarewa, ka ɗaure kusoshi, kafin ka sa wani batir.